TSINKE BIYU, KUJERA ƊAYA

Shafi na 19

Masu cewa na bar su tsaye a zauren ƙidaya, ku yafe ni. Na goge shafin nan na sake ya fi a ƙirga, ga shi dai yadda ya samu.

*

"Kunnen doki."

Misis Raistrick, baturiyar zaɓe, ba ta ɗaga murya ba. 'Yan takara da wakilansu kaɗai ta kira bakin teburin. Ta cire tabarau, ta murza idanunta da suka kaɗa suka yi ja.

Denise Tordoff ta ji maganar kamar yadda take jin hayaniyar yara in ta nutse ƙarƙashin ruwa. Sautin ya iso, ma'anar ba ta iso ba.

"Sake faɗa mana," in ji Shabnam, wakiliyarta, wadda suka taso layi ɗaya tun suna wasan ƙasa.

"Kansila Ackroyd, dubu ɗaya da ɗari biyu da shida. Mis Tordoff, dubu ɗaya da ɗari biyu da shida. Sauran 'yan takara ko ƙurarsu ba su hango ba. Ƙidaya ta uku ke nan, kuma ba zan sa a sake ba. Ku dubi ma'aikatana, yatsunsu sun ƙage."

Denise ta waiwaya.

Zauren wasannin ya cika maƙil. Tun kafin rana ta take aka gama da sauran mazaɓun birnin, amma ba wanda ya tafi gida. Waɗanda suka ci da waɗanda suka sha ƙasa duk sun jeru bayan igiya, kowa da furen ƙyalle na jam'iyyarsa a ƙirji, wasu riƙe da shayin da ya huce tuntuni. Kowa ya san lissafin. Kujera ɗaya tal jam'iyyar Ackroyd take nema ta ci gaba da riƙe majalisar birni, kuma kujerar unguwarsu ta Kilnbank ce. In ya koma, wata mai kamawa za a sayar da gidan ninƙaya na unguwar, a rushe, a kafa benaye. In ita ta shiga, ba su da rinjayen da za su sayar.

Gidan da ta tsufa a cikinsa tana koya wa yaran Kilnbank iyo.

"To yanzu sai yaya?" ta tambaya.

"Yanzu sai sa'a. Doka ce, ba ni ba. In ƙuri'u suka zo daidai, canki-canka ake yi. Wanda ya dace in ƙara masa ƙuri'a ɗaya, in hau dandamali in shelanta."

"Canki-canka?" Shabnam ta dafe ƙirji. "Tun cikin sanyi muke ƙwanƙwasa ƙofofi ruwa na dukanmu. Takalmi biyu na kashe. Kare ya raba ni da ƙafar wando a layin coci. Yau ki ce mini canki-canka?"

"Ki kai ƙarar waɗanda suka rubuta dokar, 'yar'uwa. Ni dai ku bar ni in kurɓi shayi, in nemo abin da za a ja."

*

Denise ta fita neman iska. A lungun da ke bi zuwa ɗakunan canja kaya, daidai kabad ɗin kofunan gasa, ta ji takun takalmi a bayanta.

Clive Ackroyd ne. Farin gashi a kwance luf, kwat ba ko tamoji, furen jam'iyya ya kusa faɗin faranti a ƙirjinsa. Tun tana sakandare yake kan kujerar nan.

"Denise, 'yata, tsaya mana."

"Ni ba 'yarka ba ce, Clive."

"Haba. Da hannun nan na ɗauke ki ranar sunanki a coci."

"Ka daɗe da saukewa. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya yi 'yar dariya, ya duba hagu da dama.

"Ni da ke manya ne. Bai dace makomar birni guda ta rataya a kan wasan yara ba. Mu shirya tun kafin a ja."

"Ina jin ka."

"In na ci, zan ɗaga cinikin har shekara guda. Na yi alkawari. In ke kika ci, ranar da majalisa za ta zauna kan maganar, sai ciwon kai ya kama ki, ki kwanta a gida. Mu kuma mu danƙa miki sabon gidan ninƙaya na Eastfield ki shugabanta. Ruwa da ɗumi, rufi ba ya yoyo. Kowa ya fita da mutuncinsa."

"Eastfield."

"Eastfield."

"Bas biyu daga Kilnbank."

"Bas biyu ai ba mutuwa ba ne."

"Ga mai mota ba. Je ka faɗa wa uwa mai yara uku da keken jariri, ranar Asabar, ana sheƙa ruwa. Sau ɗaya za ta je, ba za ta koma ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. Murmushin ya ragu.

"Rufin gidan nan ya ruɓe, Denise, kin fi ni sani. Injin ɗuma ruwan ya girme ni. Ba mugunta ba ce, aljihun majalisa ne ya huje. So kike in rufe gidan kula da tsofaffi don in yi wa kududdufi kwaskwarima?"

Maganar ta soke ta, don rabinta gaskiya ce. Ita ce mai jera bokitai a bakin ruwa duk sanda sama ta haɗa. Ita ce mai dukan injin da sifana da sassafe har ya yarda ya tashi.

Ta haɗiye, ta ɗaga kai.

"Kududdufin nan shi ya sa rabon da a tsamo gawar yaro daga ruwan bayan masaƙa, har an manta. Ka sa wannan a lissafinka?"

"Ba na son mu..."

"Ciwon kai ba ya kama ni, Clive. Ko ya kama ni, da shi zan zo, in zauna dab da kai, in ɗaga hannu kana kallo."

Ta juya za ta wuce.

"Taurin kai irin na Wilf," ya ce a bayanta. "Sai dai shi ya san gidansu."

Ta tsaya cak.

"Kar ka sa ubana a bakinka."

"Ni na sa shi? Shi ya sa kansa. Ki miƙa masa godiyata. Ba don shi ba, da yanzu ina mota ina hanyar gida, kin kayar da ni da ƙuri'a biyu."

"Ƙarya kake."

"Jiya da yamma, a kulob ɗin ma'aikata. Kofin giya a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe, yana faɗa wa duk mai kunne. Ban so ki ji daga bakina ba, amma tunda kin zaɓi mu yi ta haka." Ya gyara furen ƙirjinsa. "Ga shi can wajen injin shayi. Tambaye shi."

*

Wilf Tordoff yana tsaye yana bubbuga injin da tafin hannu. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki da jana'iza, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. A ƙirjinsa akwai furen da yaran ajin Denise suka ɗinka da kansu, karkatacce, da sunanta a tsakiya.

Wannan tsohon, da gwiwarsa mai ciwo, shi ya zagaye layi-layi yana zura takardunta ta ƙofofin mutane. Hotonta na manne a tagarsa har yanzu.

Yana ganinta ya miƙo kofi.

"Ungo, sukari biyu. Injin ya cinye mini kuɗi sau biyu kafin ya tausaya. Na ji labari, kunnen doki. Kar ki damu, Denise tamu, ai ko nan kika tsaya kin..."

"Baba."

"Na'am."

"Wa ka zaɓa jiya?"

Kofin ya karkace, shayin ya kawo baki. Ya zubo masa a yatsa, bai ko ji zafin ba.

"Ba a yi wa mutum wannan tambayar. Sirri ne. Doka ma ta..."

"Sirrin da duk kulob ya ji?"



Daga cikin zauren ana jin ana jan tebura.

Wilf ya laluba bencin da ke bayansa, ya zauna a hankali. Ya ajiye kofin a ƙasa tsakanin takalmansa.

"Clive ne ko?"

"Kar ka tambaye ni wane ne. Ka ce mini ƙarya yake. Ka ce kawai, in koma in tofa masa yawu a kan furen nan nasa."

Ya sunkuyar da kai.

"Baba!"

"Da sunanki a bakina na fita gida," ya ce, idonsa a ƙasa. "Na rantse miki. Tun daga ƙofa har makarantar da ake zaɓen ina ta maimaitawa kamar yaron da aka aika kanti. Tordoff, Tordoff. Sunana ne fa, ina zan manta? Na nuna katina, yarinyar da ke teburin ta ba ni takarda, na shiga lungun zaɓen. Ina buɗewa na ga alamar nan ta jam'iyyar su Clive. Kafin in ankara hannun ya riga ya tafi."

"Hannun."

"Tun ina saurayi wuri ɗaya yake zuwa. Bai taɓa shawara da ni ba."

Denise ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ana canja takarda, Baba. In mutum ya yi kuskure, ya mayar, a soke ta, a ba shi wata. Kai ka koya mini haka ranar zaɓena na farko. Ko ka jefa a akwati kafin ka lura?"

Ta ba shi ƙofar fita ce. Ta san ta ba shi. So take ya ce e, ta yi fushinta, ta huce.

Tsohon ya ɗago. Idanunsa sun cika.

"Na gani kafin in ninke."



"Na tsaya ina kallonta," ya ci gaba. "Na ce, Wilf, koma ka karɓi wata. Ƙafa ta ƙi. Sai ga kakanki a idona, ranar da ya kai ni zaɓena na farko. Ya tsaya a bakin ƙofa da ƙurar masaƙa a gashinsa, ya ce, mu ba gona, ba gida, wannan alamar ita ce gadonmu, ka riƙe. Lokacin dogon yajin aiki, kina goye, su suke kawo mana miya da burodi har ƙofa. Gidan ninƙayar ma da kike faɗa a kai, su suka gina shi, Denise. Kakanki ya ɗauki bulo a wurin."

"Su ne kuma za su sayar."

"Na sani."

"Ka sani!"

"Kaina ya sani. In mayar da takardar nan in ce a soke, sai na ji kamar kabarin ubana zan taka da takalmi. Na ninke. Na jefa. Ina jin ta faɗa ciki na gane abin da na yi."

Denise ta durƙusa a gabansa, ba don ladabi ba, don ta ga cikin idonsa.

"Kabarin ubanka ka tuna. Na Colin fa?"

Ya runtse ido kamar ta mare shi.

"Kar ki..."

"Sai na faɗa. Kai ka faɗa ruwan bayan masaƙa da takalmanka ka ɗauko shi. Ina tsaye a gaɓa riƙe da rigarsa. Ƙanena, bai ko fara makaranta ba. Ba a yi sati da binne shi ba ka ja hannuna har gidan ninƙaya, ka ce da malamar, koya mata, ko kuka take kar ki fitar da ita. Na yi kukan. Ba ta fitar da ni ba. Kai ka jefa ni ruwan nan, Baba, har yau ban fito ba. Shi ne jiya ka..."

Muryarta ta karye. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Ba za ta yi kuka a gidan nan ba, ba yau ba, ba inda mutanen Ackroyd za su gani.

"Ba ni da abin cewa," in ji Wilf. "Jiya ko runtsawa ban yi ba. Na ce Allah ya sa ki ci da ɗari, ko ki faɗi da ɗari, kowanne ne, tawa ɗayar ta ɓace a ciki. Da na ji an ce kunnen doki, sai da na riƙe bango."

Ya kai hannu ƙirjinsa, ya fara kiciniyar cire furen yaran.

"Me kake yi?"

"Ban cancanci sa shi ba. Gida zan tafi. Ki je ki ja abinki, kar fuskata ta jawo miki rashin sa'a."

Ta buge hannun.

"Bar shi inda yake. Yara suka soke yatsunsu da allura suka ɗinka."

Sai ga Shabnam a guje, mayafinta ya zame.

"Ke, ana ta nemanki! Matar nan ta dawo da almakashi, wallahi kamar mai shirin kaciya. Sannu Baba Wilf. Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu." Denise ta miƙe. "Tashi, Baba."

"Na ce miki gida..."

"Gida? Ka kunna wuta ka tafi gida ka sha shayi? Ba inda za ka. Tashi ka gyara laktayenka."

*

An janye teburan ƙidaya, an bar fili a tsakiyar zauren, kan layukan filin wasa. 'Yan jarida sun ɗaga wayoyi. Ma'aikatan ƙidaya ma sun ƙi tafiya, sun hau benci suna leƙe.

Misis Raistrick ta ɗaga dunƙulen hannunta sama. Kawunan tsinke biyu sun leƙo ta saman yatsunta, tsayinsu ɗaya. Tsinken shan lemo ne, irin na takarda.

"Daga kantin shayi na samo. Dukansu biyu na datse da almakashi, don kar wani ya yi mini wayo da ido. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mai dogon shi ne kansilan Kilnbank. Ba ƙorafi, ba a sake."

Aka fara ƙus-ƙus, wasu na dariya. Denise ta duba da kyau ta ga dalili.

Ɗayan fari ne.

Ɗayan kuwa launinsa sak na furen da ke ƙirjin Ackroyd.

"Abin da ya rage a kantin ke nan," in ji baturiyar zaɓen, fuska a ɗaure. "Launi ba ya ƙara tsawo. Wa zai fara?"

Ackroyd ya ɗan rusuna, ya buɗe hannu.

"Mata a gaba. Haka aka tarbiyyantar da mu."

Mutanensa suka bushe da dariya.

Denise ta jira har dariyar ta mutu.

"Ba ni zan ja ba."

Kowa ya zuba mata ido.

"Ubana zai ja mini."

Shabnam ta damƙi gwiwar hannunta.

"Kin haukace? Hannunsa rawa yake, ko kofi ba ya riƙewa. Bar ni in ja, ni ce mai cin kwandon kyauta a canki-canka duk Kirsimeti a makarantar yara."

"Shi zai ja."

Misis Raistrick ta dube ta ta saman tabarau.

"Ɗan takara ko wakilinsa na saba gani. Amma yadda za a yi canki-cankar a hannuna doka ta bari. In Kansila bai ƙi ba, ni ban ƙi ba."

"Wilf?" Ackroyd ya washe baki, ya juya wajen jama'arsa. "Ina ni ina ƙin Wilf? Ai namu ne, tun kakanni. Ga fili, tsohon soja."

Wani daga bayan igiya ya yi fito. Wani ya ce, "A sake mana irin ta jiya, Wilf!" Ashe labarin kulob ya riga ya zagaye zauren.

Kunnuwan tsohon suka yi ja. Ya ja da baya.

"Denise, kar ki yi mini haka," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki zage ni a gida, ki daina gaishe ni, na yarda. Amma ba wannan ba."

Ta matso har goshinta ya kusa taɓa nasa.

"Jiya hannun nan ya yanke hukunci ba da izininka ba. Yau kai za ka tuƙa shi, ina kallo, su ma suna kallo."

"In na jawo gajeren fa?"

"Sai ka jawo gajeren."

"Gidan ya tafi ke nan. Sau biyu ta hannuna."

"Wa ya ce maka ya tafi?" Ta ɗaga murya yadda na bayan igiya za su ji. "Gobe da safe ina da ajin ƙananan yara. Zan buɗe ƙofa, da kujera ko ba kujera. Ranar da suka zo da katafila, a cikin ruwa za su same ni, sai dai wani ya cire kwat ya shigo ya fitar da ni. Clive, ka iya iyo?"

Wannan karon ɓangarenta ne ya ɗauki shewa. Iyayen yaran ajinta suka hau buga ƙafa a katakon zauren.

"Ya isa," in ji Misis Raistrick. "Hannuna ya fara gajiya. Mista Tordoff, bisa kanka."

Wilf ya tako.

Ya goge tafinsa a jikin kwat. Ya ɗaga hannun.

Denise ba fuskarsa take kallo ba, hannun take kallo. Tsohon hannu mai jijiyoyi, da tabon injin masaƙa a bayan babban yatsa. Ta ga ya tashi, ya miƙe, ya nufi tsinken mai launi kai tsaye, ba ko tantama, kamar dokin da ya san hanyar gida.

"Yauwa," in ji Ackroyd a hankali.

Yatsun suka isa. Suka taɓa.

Suka tsaya.

Wilf ya kai hannun hagu ya kama wuyan na daman, kamar mai kama ɓarawo. Numfashinsa har ana ji.

"A'a," ya ce. Ba da kowa yake ba. "Yau ni ne."

Ya ɗauke hannun ya sauke kan farin.

Ya ja.

Tsinken ya fito, ya ƙare nan take.

Bai fi ɗan ƙaramin yatsa ba.

"Wayyo!" Shabnam ta rufe baki da mayafi. Wani nishi ya ratsa ɓangaren Kilnbank kamar an sace iskar taya. Can gefe mutanen Ackroyd suka fara tafi, wani har ya rungume na kusa da shi.

Wilf ya tsaya da ɗan guntun a tafinsa yana kallo. 

Denise ta sa hannu ta dunƙule masa yatsunsa a kan tsinken, ta riƙe gam.  In faɗuwa ce, a tsaye za ta faɗi.

"Wa ya ce ku yi tafi?" Misis Raistrick ta daka tsawa. "Na buɗe hannuna ne? Kansila, saura kai."

Ackroyd ya gyara kwat. Ya tako a natse, ya ɗan juya yadda masu ɗaukar hoto za su same shi da kyau.

"Ka yi ƙoƙari, Wilf," ya ce. "Da ka bi hannunka kamar kullum, da yanzu 'yarka na kan dandamali. Denise, 'yata, maganar Eastfield tana nan, ni ba na riƙo."

Ya miƙa yatsu biyu, ya kama kan tsinken mai launi.

Tsinken ya yi lakwaf.

Ya karkata gefe a tsakanin yatsun matar, kamar haƙorin yaro da ya kusa fita, wanda ba abin da ke riƙe da shi a ƙasa.

Denise ta gani: nasa ya fi na ubanta gajarta.

Ta ɗaga ido, ta ga shi ma ya ji.

Murmushin na nan a fuskarsa, amma ya daskare. Yatsun nasa ba su saki ba, ba su kuma ja ba. Masu tafi suka fara dainawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kansila?" in ji baturiyar zaɓe.

Denise ta saki hannun ubanta. Ta taka har gabansa, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Ja mana, Clive," ta ce. "Me kake jira?"